Kundayen Malam a Akwatin Masallaci

Tun da na dawo daga Malesiya ban sha shayi da zafinsa a ɗakin malamai ba. Da na ɗaga kofi sai Malama Jummai ta jawo kujera ta ce, "Rabi, wai da gaske da shinkafa suke karya kumallo?" Kafin in amsa wata ta ce in fara daga jirgi, wata ta ce ita zancen kabari take son ji. Kowa ta tafi da guntunta ta ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai ni na yi digirin. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya. Wadda ta sake tambayata, takarda zan miƙa mata in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata a Funtuwa. Maigidana, wanda zan riƙa kira Malam kamar yadda bakina ya saba, ya tafi Kuala Lumpur yin digiri na uku a kan waƙoƙin Turawan Ingila na da, na shekara ɗari uku zuwa ɗari huɗu da suka wuce. Wasu limamansu ne suka rubuta suna ganawa da Ubangiji, wasu kuma na makoki ne, miji ya yi wa matarsa, uba ya yi wa ɗansa. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa ɗaukar karatun da daraja ba. Nakan ce masa, "Ka bar rayayyu a Funtuwa ka tafi ƙarshen duniya kana yi wa Turawan da suka zama ƙasa zaman makoki." Sai ya yi dariya ya ce wata rana zai karanta mini ɗaya, ni kuma in ce ya bari sai na gama makin jarrabawa. Inna mahaifiyarsa kuwa, in an tambaye ta abin da ɗanta ke karantawa, sai ta ce, "Turanci ne, amma mai wuyar."

Da daminar 2021 korona ta kama shi. Kwana tara ya yi a asibiti. Mutanen da suka rufe jikinsu ruf da fararen ledoji suka yi masa sutura suka binne shi can, ni ko fuskarsa ban gani ba. Na shiga takaba. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Rabi, sai haƙuri," ni kuma in amsa yadda ake amsawa. Na haɗiye kukana har ya zame mini kamar dutse a ƙirji, ana ta yabona wai ina da tawakkali.

Saura kwana kaɗan in fita takaba malamar da ke duba aikinsa, Farfesa Noraini, ta kira ni. Ta ce Malam ya gama babi huɗu, saura na biyar, wanda shi ne zuciyar aikin. Kafin ya kwanta ya gaya mata ya kammala shi, saura ya mayar da shi Turanci. Ta buɗe kwamfutarsa ba ta sami komai ba sai kan magana. Ta ce in aka samo babin kafin kwamitin jarrabawa ya zauna a ƙarshen Janairu, za a duba aikin a ba shi digirinsa ko bayan ransa. In ba a samu ba, a rufe fayil, shekara biyar ta bi iska.

Sai ta turo mini hoton shafin wani littafinsa, gefensa cike da rubutun fensir. Ta ce, "Mu ma muna rubuta harshenmu da haruffan Larabci. Na gwada, haruffa suna fita, ma'ana ta ƙi fita."

Ina ganin hoton na zauna a ƙasa. Ajami ne. Malam a zauren mahaifinsa ya tashi, kuma duk bokonsa bai taɓa iya tunani da haruffan boko ba. Komai sai ya fara zuba shi da Hausa a ajami, sannan ya juya shi Turanci. Da ajami ya neme ni aure, don ƙannena 'yan sa ido ba sa iya karantawa, ni kuwa 'yar malam ce. A gefen shafin nan ya rubuta, "Na faɗaɗa wannan a kundi na uku." Ashe akwai kundaye. Na kira Baban Iman, maƙwabcinsa ɗan Kano mai karatun kwamfuta, wanda ya tattara kayansa. Ya ce sun zazzage komai, babu wani kundin karatu. A ranar na ce wa Inna zan je da ƙafata.

Ƙasar a rufe take a lokacin, ba a shiga sai da izini na musamman. Farfesa ta yi ta rubuce-rubuce har aka ba ni wata guda. Na je Kano aka zura mini tsinken gwaji a hanci, yarinyar tana turawa kamar tana neman abin da ta jefar a ƙwaƙwalwata. Inna ta haɗa mini ƙulli: kuka, daddawa, yaji, da kilishi na tsarabar maƙwabta. Ta riƙe hannuna a bakin mota ta ce, "Ki gaishe shi." Ba ta faɗi suna ba, ɗan fari ne.

Jirgi daga Abuja zuwa Doha, daga Doha zuwa can. Ban taɓa hawa ba, kuma ban ji tsoron da aka yi ta ba ni ba. Abin da ya dame ni takunkumi ne, da wani bawan Allah a kusa da ni wanda duk na gyara murya sai ya fesa wa hannun kujera magani. Da na gaji sai na riƙa gyara muryar da gangan.

A filin jirginsu kowa sanye da leda, ba ka sanin mace ba ka sanin namiji sai an yi magana. Jami'ar da ta karɓi takarduna ta tambaye ni sunan mijina. Na nuna mata a takarda. Ta ce in faɗa da baki. Na sake ɗora yatsa a kan sunan. Shekara goma sha biyu da aure ban taɓa kiran sunan nan ba, yanzu a gaban layin mutane za a ce in fara? Muka tsaya kallon juna ta cikin gilashi, har ta ɗauka ban san sunan ba ne. Da ƙyar na yi mata bayanin cewa a wurinmu mace ba ta kiran sunan miji. Ta kira abokiyar aikinta ta gaya mata, suka yi dariya a cikin takunkumi, ta buga hatimi ta ce, "Boleh, boleh." Wannan ce kalmar farko da na koya, ma'anarta ya yiwu. Kilishi dai bai yiwu ba, sun karɓe shi. Daddawa kuwa, wanda ya kwance ƙullin ya ja da baya ya ɗaure da sauri ya ce in wuce, ka ga kenan har ta takunkumi ta isar da gaisuwa.

Suka ɗaura mini wani zobe na roba ruwan hoda a hannu, irin na jarirai a asibiti, suka kai ni otal na killacewa mako guda. Ba fita, ba buɗe taga. Sau uku a rana a ƙwanƙwasa, kafin ka buɗe mai kawowa ya gudu. Malama Jummai, ga amsarki: ƙwarai shinkafa ce da safe, an dafa ta da madarar kwakwa, da 'yan kifaye ƙanana masu idanu, da gyaɗa, da wani jan yaji mai zaƙi. Sukari a yaji! Kwana biyu ina fushi da su, a na uku na kama kaina ina lashe takardar.

Na lissafa, mako guda daga wata guda, ga kundaye ba a gani ba. Sai na roƙi Farfesa ta aiko mini da littattafan Malam guda biyu. A ɗakin nan na fara haɗuwa da matattun Turawan da na yi shekaru ina yi wa ba'a. Turancinsu ya tsufa har ƙamus ɗin wayata yana ɗaga hannu, amma Malam yana gefe da fensirinsa yana yi mini jagora. A wani wuri ya rubuta, "Ji wannan limamin, yana yi wa Ubangijinsa ƙorafi kamar yaron da aka hana fita wasa." A wani wuri, "Wannan ya rasa mata, ya yi baiti ashirin yana zagaye, ya kasa cewa ta tafi." Muryarsa ce sak, har da tsokanar. A kowace waƙa kuma akwai layi ɗaya da ya yi wa ɗan da'ira, ya rubuta "nan ya juyo", sai haruffa biyu ko uku a ƙasa waɗanda ba su haɗa kalma ba.

Haruffan nan suka hana ni sakat. Jim, sai kaf da dal. Ba, sai ya da ha. Rana ta biyar ina cin shinkafata sai abin ya faɗo mini, na tashi tsaye ni kaɗai. Hisabi ne, irin wanda mahaifina ya koya mana, kowane harafi da lambarsa. Jim uku, kaf ashirin, dal huɗu: kundi na uku, shafi na ashirin da huɗu. Mutumin nan ya ɗinke littattafansa da kundayensa da lambobi, kamar dai ya san malamar lissafi zai bar wa aikin.

Da aka yanke mini zoben, Maman Iman, matar Baban Iman, ta zo ta ɗauke ni zuwa gidansu a unguwar Pantai Dalam, hawa na goma sha ɗaya. Muka hau jirgin ƙasa wanda ba shi da direba, ni ina salati ita tana duba waya. Kowace ƙofa sai ka nuna wa wata takarda wayarka, a auna maka zafin goshi. Maman Iman 'yar Fagge ce, amma shekara shida ta mayar da bakinta dambu. "Anti, ki makan tukuna lah, in ba ki son wannan sai mu yi tapau a mamak ɗin ƙasa." Wai in ci abinci tukuna, in ban so a ƙunso mini daga shagon abincin Indiyawa da ke ƙasa. 'Yarta Iman na gaishe ta da Hausa ta amsa mini da Turanci, sannan ta kama hannuna ta ɗora a goshinta, yadda yaran can ke gaida manya. Wannan al'adar na so a ce na zo da ita a jaka.

Da la'asar Baban Iman ya fito da kwalaye bakwai. Na zazzage su har ƙasa, babu kundi. Ya ce, "Wallahi Hajiya, duk notes ɗinsa na duba, babu na chapter five." Na buɗe littafi na nuna masa gefen shafi na ce, "Irin wannan rubutun fa, ba ka gan shi a wani kundi ba?"

Ya dubi shafin, ya dube ni, ya cire tabarau.

"Wannan ba addu'o'i ba ne?"

"Hausa ce. Harshen uwarka."

"Innalillahi. Hajiya, guda biyar ne. Kowanne da Bismillah a farko. Na ce bai kamata su zauna a store da takalma ba, na kai su surau."

Surau shi ne ƙaramin masallacin unguwa. Ashe suna da akwati na musamman da ake zuba tsofaffin takardun addini, lokaci-lokaci a zo a kwashe a ƙona su cikin ladabi. Wata biyar kenan da ya saka su. Ni da na ce masa kundi ban ce na ajami ba, don ban taɓa zaton akwai Bahaushen da zai ga Hausa ya kai ta masallaci ba. Shi kuma yana neman Turanci. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na tuna shi ne ya tsaya a bakin asibiti kwana tara. Na ce, "Sa takalminka."

Muka sauka. Akwatin na nan a baranda, kore, da ɗan kwado. Baban Iman ya leƙa ta ramin. Wayam. Mai kula da wurin, wani dattijo siriri da zane ɗaure a ƙugu, ana ce masa Pak Cik Daud, ya ce saboda kullen korona masu kwashewa sun daɗe ba su zo ba, amma makon jiya sun zo. Makon jiya, ina otal ina lashe takardar shinkafa. Na zauna a kan matakala.

Dattijon ya tambayi Baban Iman me muke nema, aka gaya masa. Sai ya dube ni ya ce, "Nama?" Wato suna. Na ce Rabi'atu. Ya tafa hannu ɗaya, ya shige ciki da sauri har yana barin silifas. Ya fito da ƙulli a cikin tsohon zane mai gida-gida.

Baban Iman ya riƙa fassara mini. Wai al'adar dattijon ce duk abin da aka jefa a akwatin sai ya duba kafin a kwashe. Ya ga waɗannan ba Alƙur'ani ba ne, ba Larabci ba, ba harshensu ba. Ya nuna wa wani ɗan Yaman, ya nuna wa 'yan Bangaladash masu aikin gini, kowa ya girgiza kai. Ya ce abin da bai san mene ne ba, ba shi da ikon ba da shi a ƙona. Kalma ɗaya kawai ya iya karantawa a bangon farko, suna ne irin nasu. Ya bi duk wata Rabiatul da ke benayen nan, su huɗu, har da wata tsohuwa da ta kore shi da tsintsiya.

Amma bai miƙo ba. Ya buɗe na farko ya riƙe ya ce in karanta. Na sauke takunkumi na karanta da ƙarfi, a barandar masallaci, a ƙasar mutane: "Kundi na ɗaya. In ya ɓata, a mayar wa Rabi'atu a Funtuwa, ita ce za ta iya da rubutuna." Baban Iman ya juya baya yana share ido. Dattijon ya miƙo mini da hannu biyu. Na rasa abin ba shi, sai washegari na aika masa da rabin yajin Inna, ya aiko cewa ya ci ya yi kuka ya gode.

Kwana goma sha shida muka yi da Farfesa Noraini a ofishinta, tebur biyu tsakaninmu, taga a buɗe. 'Yar ƙaramar mace ce mai magana a hankali, irin waɗanda in sun ce "ba laifi" ka san akwai laifi. Ni in karanta Hausar in juya ta da Turancina na aji, ita ta nemo baitin ta daidaita. Mun yi faɗa ba sau ɗaya ba. Ta so ta fassara haƙuri da kalmarsu ta jira, na ce sam, wanda ke layin banki ma jira yake. Muka kwashe yini a kan kalma ɗaya, daga ƙarshe aka bar ta da Hausarta aka yi mata bayani a ƙasa. Da azahar ta kai ni shagon mamak, inda ake ɗaga shayi sama a zubo shi kamar igiya har ya yi kumfa. Mai shayin bakin tasharmu ya fi su nisan hannu, na gaya mata.

A nan na gane abin da Malam ya yi shekara biyar yana bi. Ya ce mu a wurinmu haƙuri ake fara miƙa wa mai makoki tun daga bakin ƙofa. Su kuwa waɗannan mawaƙa sai sun yi tafiya kafin su iso shi. Mutum zai yi kuka, ya yi tambaya, ya yi ƙorafi, ya lissafa abin da aka ɗauke masa ɗaya bayan ɗaya, sannan a wani layi ya sauke murya ya miƙa wuya. Wannan layin ne Malam ke yi wa da'ira. Ya ce waƙar ita ce hanyar, kuma wanda ya iso da ƙafarsa ya fi zama daram a kan wanda aka ɗauko aka ajiye. A ƙasan wani shafi ya ƙara da ƙananan haruffa, "Wannan zan karanta wa Rabi in ta gama makin jarrabawa." Wannan layin ban fassara wa Farfesa ba, na ce mata lissafin cefane ne.

Ranar kwamiti malamai uku ne a fuskar kwamfuta, mu biyu a ofis da kundaye a gabanmu. Biyu sun gamsu. Na ukun, wani mai farin gashi daga wata jami'a, ya ce yana tausaya mini, amma ta yaya za a tabbatar tunanin marigayi ne, ba na malamarsa ba da aka sa wa riga? Farfesa ta sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya yi fari, domin shekara goma sha biyar ina ce wa yara su nuna aikinsu, yau an ce in nuna nawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zaɓi duk waƙar da ka ga dama a babin." Ya zaɓa. Na buɗe littafin, na kai gefen shafi gaban kyamara, na nuna da'ira da haruffa. Na rubuta lissafin a farar takarda: kundi na biyu, shafi na goma sha biyar. Na buɗe kundin, ga maganar, da fensir ɗaya da hannu ɗaya. Na karanta da Hausa, na fassara, Farfesa ta nuna sakin layin a babin. Ya ce a sake. Muka sake. Ya zaɓi ta uku daga can ƙarshe yana murmushin mugunta, ita ma ta faɗa daidai. Sai ya jingina ya ce shekara talatin yana koyar da waƙoƙin nan, bai taɓa ganin an bi su da irin wannan hanya ba, kuma yana roƙon a saka hoton shafukan kundin a ƙarshen aikin. Suka kashe murya suka yi shawara minti goma. Da suka dawo shugabarsu ta kira sunan Malam cikakke, da Dakta a gaba.

Na yi guɗa. A jami'ar mutane, a cikin takunkumi, har mai gadi ya leƙo. Farfesa Noraini ta manta da dokar tazara ta zagayo tebur ta rungume ni.

Saura kwana biyu in taho ta ce za ta kai ni maƙabarta. Na ce mata a garinmu mata ba sa zuwa. Ta ce a nan suna zuwa, har su zuba ruwa a kan kabari. Sai na ce Inna ta ba ni saƙo. Kaburburansu da alama da suna, ga ciyawa kore shar, sashen mutanen korona sabo ne, layi-layi. Ta nuna mini ta koma mota.

Na yi sallama, na isar da gaisuwar Inna, na gaya masa an ba shi digirinsa. Daga nan bakina ya ɓalle. Na ce ya tafi bai yi mini sallama ba. Na ce ya bar ni da yara uku da rufin da ke yoyo. Na ce me ya hana shi matsa mini in saurara tun yana da rai, shi da ya san taurin kaina. Na yi kukan da na haɗiye wata shida, ba mai cewa in yi shiru. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai na ji ƙirjina ya yi sauƙi, muryata ta sauka da kanta. Na ce, "Sulaiman, Allah Ya fi mu sanin daidai. Allah Ya jiƙanka." Shi ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina, kuma da ina da fensir a wurin da na yi wa kaina da'ira.

Washegari Maman Iman ta ja ni kasuwar titin Jalan Masjid India sayen tsaraba. Gyalen da kuke ta yabo a ɗakin malamai daga can suke, kuma kada wadda ta sake tambayata kuɗinsu. Aka sake zura mini tsinke a hanci, na hau jirgi da kundaye biyar a cikin jakar hannu, ko ban ɗaki ban je na bar su ba.

Na iso Funtuwa da hantsi, gida cike. Na miƙa wa Inna kwafin aikin mai bango mai kauri, na nuna mata inda sunan yake. Ta shafa shi, ta juya shi, ta ajiye a kan cinya. Ta ce, "To, me ya ce a ciki?" Mutane suka fara cewa ai Turanci ne, Inna. Na ce a'a, na Turancin na Turawa ne, nata yana jakata.

Na fito da kundi na uku na buɗe inda yake bayanin wani uba da ya binne ɗansa. Na karanta mata da Hausar ɗanta, yadda ya rubuta: yadda uban ya yi ta kewaya ɗakin yaron, yadda ya ce shi ya kamata a fara ɗauka, yadda ya yi ta tambaya ba amsa, har zuwa inda ya sauke murya. Inna, wadda ban ga hawayenta ba ko ranar da labari ya zo, ta bar su suna zuba ba ta share ba.

Ta ce, "Ashe su ma sun sani." Ta gyara zama ta jawo filo. "Ashe abin da yaron nan yake yi kenan. Koma farko, Rabi. Kada ki yi sauri."